Kalmar "obscurity": ma'anarta, yadda ake aiki da ita, da inda ta fito

Hauwa'u:
Assalamu alaikum, malamaina da iyayena na wannan zaure. Ina fassara tarihin rayuwar wani masani Bature domin shirin rediyo, sai na ci karo da kalmar "obscurity" a wurare biyu, kuma da alama abin da take nufi a kowane wuri daban ne. A wuri na farko marubucin ya ce mutumin "died in obscurity", a na biyu kuma ya yi maganar "the obscurity of his prose", yana siffanta rubutunsa. Ƙamus ɗin da ke hannuna ya ba ni "duhu", to amma in na ce wa mai sauraro mutumin ya mutu cikin duhu, na san abin da Bahaushe zai ɗauka shi ne ya mutu cikin ɓata ko jahilci, kuma ba na jin haka marubucin yake nufi. Ina roƙon a warware mini ma'anar kalmar da yadda masu harshen suke aiki da ita, in da hali kuma har da inda ta samo asali.

Malam Ɗanladi:
Wa alaikumus salam, 'yata Hauwa'u. Kin yi daidai da kika dakata, domin "ya mutu cikin duhu" ƙazafi ne ga mutumin a kunnen duk Bahaushen da ya ji. Ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba ki ma'anar da ta fi tsufa, wadda a yau ba kasafai ake aiki da ita ba. Kalmar ta tsiro ne daga siffar nan "obscure", wadda Ingilishi ya karɓa daga Faransanci a wajajen shekara ta 1400, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga "obscurus" na Latin, mai nufin wuri mai duhu ko abin da ba ya ganuwa sosai. Tsofaffin marubutan Ingilishi sun yi aiki da ita da wannan ma'ana kai tsaye. A wasan Macbeth, wanda Shakespeare ya rubuta a wajajen 1606, wani bafade yana ba da labarin daren da aka kashe sarki, ya ce "the obscure bird" ya kwana yana kuka, yana nufin mujiya, tsuntsun dare. Babu Baturen da zai kira mujiya haka a yau. In ka ce masa "obscure bird" zai ɗauka kana maganar wani tsuntsu ne da mutane ƙalilan suka san da shi.

Abin da ya rage da ƙarfi a bakin mutane shi ne ma'anoni biyun da kika gamu da su. In an jingina kalmar ga magana ko rubutu, ana nufin ma'anarsa ba ta fito fili ba, mai karatu sai lalube yake yi. In kuwa an jingina ta ga mutum ko gari ko littafi, ana nufin duniya ba ta san da zamansa ba. Lokacin da nake koyar da Ingilishi a sakandare, abin da nake nanata wa yara shi ne, abin da aka kira "obscure" yana nan daram bai ɓace ba, wani abu ne ya shiga tsakaninsa da idon mai dubawa. In kin riƙe wannan, duk ma'anonin za su zo miki da sauƙi.

Mahamadu na Damagaram:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina so in ja hankalin 'yan uwa na wajenmu da suka yi boko da Faransanci, domin a nan akwai tarko. A Faransanci "obscurité" kalma ce ta yau da kullum, kuma duhu take nufi, duhun da ido ke gani. In an ɗauke wuta da dare, ita za ka ji ma'aikaci ya faɗa, ita za ka gani a jarida washegari. Saboda haka ɗalibin da ya fito daga Faransanci ya shiga Ingilishi yakan rubuta cewa unguwarsu ta kwana cikin "obscurity", alhali "darkness" ya kamata ya ce, mai karatu kuwa sai ya fahimci cewa unguwar ce ba a sani ba. Kalmomin uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kowace ta kama gabanta.

Dakta Asabe:
Abin da Malam Mahamadu ya faɗa yana da dalili a tarihin harshen. Kafin kalmar ta iso Ingila, mutanen ƙasar suna da nasu kalmomin duhu tun kaka da kakanni, irin su "dark" da "dim" da "murk". Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Abin da ya faru da yawancinsu shi ne, kalmar gida ta riƙe aikin gida, baƙuwar kuma ta koma bakin malamai da marubuta. Shi ya sa yaro ɗan shekara uku a Landan ya san "dark", amma sai ya yi nisa a makaranta zai san "obscurity".

Game da tushen Latin ɗin, kalmar gaɓa biyu ce. Ta farko "ob", wadda ke ba da ma'anar a kan abu ko a gabansa, ita ce dai a farkon "obstacle" da "obstruct", kuma duka biyun tare hanya suke nufi. Ta biyu kuwa yawancin ƙamusoshin Ingilishi suna mayar da ita ga wani tsohon tushe mai nufin lulluɓewa. In haka ne, to kalmar 'yar uwar "sky" ce, kuma nan akwai abin lura: "sky" ta shigo Ingilishi daga harshen mutanen arewacin Turai na da, kuma a bakinsu gajimare take nufi, wato abin da ke rufe sama. Daga baya ne ta koma nufin sararin samaniyar kansa, ta ture tsohuwar kalmar "heaven" zuwa fagen addini da waƙa. Sai dai ba duk masana suka yarda da wannan nasaba ba, akwai masu haɗa gaɓar ta biyu da "skia" na Girkanci, mai nufin inuwa. Ni na fi karkata ga a gaya wa ɗalibi duka biyun, don tushen da ake magana a kai babu wanda ya taɓa ganinsa a rubuce, ƙiyasi ne aka yi ta hanyar kwatanta harsuna.

Wani abin da zai taimaki Hauwa'u shi ne kishiyar kalmar. A Latin kishiyar "obscurus" ita ce "clarus", ita ma kuma tana nufin mai haske, tana nufin magana bayyananniya, tana kuma nufin shahararren mutum. Ke nan tun zamanin Rumawa aka ɗaure shahara da haske, aka ɗaure rashin suna da duhu, Ingilishi gadon wannan tunani kawai ya yi. Mu kuwa da muka ɗaura duhu a kan mutum, duhun kai muka samu. Inda hanyoyin suka rabu ke nan.

Isuhu:
Ranki ya daɗe, maganar gajimare ta taɓo aikina, domin ni a sashen lura da yanayi nake. A wurinmu tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Mukan raba sama kashi takwas a ido, mu rubuta kashi nawa gajimare ya rufe, daga sifili zuwa takwas. Amma akwai lamba ta tara, wadda ake sakawa in ba a iya ganin saman ma gaba ɗaya, kuma sunanta a littafin aiki "sky obscured". A ƙasarmu hazon hunturu ne kan jawo ta. Za ka fito da safe ka ɗaga kai, babu shuɗi, babu gajimare, sai wani fari-fari mai ƙura, rana kuma ka iya kallonta ido da ido ba ta kashe maka ido ba. Ba duhu ake ciki ba, kana iya karanta takarda a tsaye a fili, amma saman ya ɓuya. Na ga wannan ya yi daidai da abin da Malam Ɗanladi ya ce, abin yana nan, an dai shiga tsakani ne.

Nasiru:
Ina da ƙarin bayani. Ai kalmar kyamara ma daga nan take, don Turawa suna kiran kakar kyamara "camera obscura". Kuma na sha karantawa cewa asalin "camera" Larabci ne, daga "ƙumra", sunan da Ibnul Haisam ya ba ɗakin da ya yi gwajinsa a ciki. Ya kamata mu riƙa faɗar irin wannan, domin an daɗe ana danne gudummawar malaman Musulunci.

Dakta Asabe:
Malam Nasiru, rabin farko na maganarka gaskiya ne. "Camera obscura" Latin ne, ma'anarsa ɗaki mai duhu, kuma ana jingina farkon bayyanar sunan a rubuce ga Johannes Kepler a littafinsa na 1604. Ɗaki ne ko akwati da aka toshe ko'ina aka bar 'yar huda ɗaya, sai hoton abin da ke waje ya faɗo a bangon ciki, kai ƙasa ƙafa sama. Da aka ƙirƙiro ɗaukar hoto a ƙarni na 19, sai rabin sunan, "camera", ya zama sunan na'urar ɗaukar hoton, mu kuma muka karɓa muka ce kyamara. Wato abin da muke riƙewa a hannu sunansa ɗaki.

Rabi na biyu ne ban yarda da shi ba. Kalmar "camera" tana cikin Latin fiye da shekara dubu kafin a haifi Ibnul Haisam, marubutan Rumawa sun yi aiki da ita ga rufin ɗaki mai baka, su ma daga "kamara" na Girkanci suka aro ta, kuma ita ce ta haifi "chambre" a Faransanci da "chamber" a Ingilishi. Matsayin Ibnul Haisam ba ya bukatar wannan labari. An haife shi a Basra a wajajen 965, ya yi aikinsa a Alƙahira, kuma a Kitabul Manazir ya bayyana gwajin da ya jera fitilu a gaban huda, ya nuna cewa in an rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa a bango, wanda ya tabbatar da cewa haske a miƙe yake tafiya kuma ba ya cakuɗewa a bakin hudar. An fassara littafin zuwa Latin, masanan Turai suka yi ƙarnoni suna karatunsa. Lafazin da aka san shi da shi a wannan babi shi ne "albaitul muzlim", gida mai duhu.

Nasiru:
Na ji, Dakta, kuma ba zan ja da ke a kan tarihin kalma ba. Amma ina nan a kan cewa in har "albaitul muzlim" ya riga "camera obscura" da kusan shekara ɗari shida, kuma ma'anarsu ɗaya, kuma an fassara littafinsa zuwa Latin, to bai kamata a ambaci sunan Latin ɗin a aji ba tare da an ambace shi ba.

Malam Ɗanladi:
Wannan magana ce mai kyau, Nasiru. Bari mu koma ga jimlar farko ta Hauwa'u, don na ga wasu suna fassara "died in obscurity" da "ya mutu cikin talauci", kuma wannan ma kuskure ne, ko da yake sau da yawa abubuwan biyu kan haɗu a kan mutum ɗaya. Ku ɗauki Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta hanyar shuka waken Turawa a lambun gidan ibada a birnin Brno. An buga sakamakon bincikensa a 1866, masana ba su kula ba. Ya rasu a 1884, kuma sai a 1900 wasu masana tsirrai uku suka tono aikin nasa, duniya ta gane abin da ya yi. Ana yawan cewa aikinsa ya yi shekaru talatin da wani abu cikin "obscurity". Amma Mendel ba matalauci ba ne, tun 1868 shi ne shugaban gidan ibadar, mutum ne mai daraja a garinsu. Abin da ya rasa shi ne sanin waɗanda ya kamata su san shi.

Wannan ne ya sa nake cewa kalmar kullum tana da ma'auni a ɓoye: ba a san shi ba, a wurin wa? Malamin da duk garinsu ke durƙusa masa yana iya zama "obscure" a idon mai rubuta tarihi a wata ƙasa. Thomas Hardy ya sa wa littafinsa na 1895 suna Jude the Obscure, labarin wani mai sassaƙar dutse da ya yi burin shiga jami'a aka rufe masa ƙofa saboda ba ɗan kowa ba ne. A nan kalmar ta haɗa rashin suna da rashin gata. Shawarata, 'yata, ki ce "ya rasu duniya ba ta san da shi ba". In kuwa ya taɓa yin suna daga baya aka manta da shi, ki ce "ya rasu an daina jin ɗuriyarsa", ko "bayan tauraruwarsa ta dusashe". Sai kin duba tarihin mutumin kafin ki zaɓa.

Malam Tijjani:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin in sa baki. Na ga ana maganar wannan hali kamar musiba ce tsantsa, alhali a karatunmu na zaure akwai babin da ke yabonsa. Larabawa suna kiransa "khumul", kuma masu fassara littattafan tasawwufi zuwa Ingilishi da wannan kalma ta "obscurity" suke fassara shi. A cikin Hikam na Ibnu Aɗa'illah, malamin Iskandariyya da ya rasu a 1309, akwai hikimar da ke cewa mutum ya binne kansa a ƙasar khumul, domin abin da ya tsiro ba tare da an binne shi ba, amfaninsa ba ya cika. Duk wanda ya zauna gaban malaman ɗariƙa ya ji ana jan wannan magana ga almajirin da ya fara son a san shi. A nan rashin suna zaɓi ne, magani ne na riya da son girma. To in mai fassara ya sa wa jimlar sautin tausayi, alhali mutumin da kansa ya guji idon jama'a, ya zalunce shi. Sai a ce "ya zaɓi ɓoye kansa", ko "ya rayu yana gudun shahara".

Hajiya Larai:
Malam Tijjani, na yarda da kai a kan littattafan da ka ambata, amma ina tsoron Hauwa'u ta ɗauki wannan ta kai shi inda ba wurinsa ba. Na yi shekaru ina tace rubutun masu fassara, kuma abin da na gani shi ne, in Bature mai rubuta tarihin rayuwa ya ce wani "died in obscurity", kusan kullum da juyayi yake faɗa, yana nufin mutumin ya cancanci fiye da haka. In da zaɓi ne, zai bayyana, zai sa aikatau mai nuna nema ko fifitawa a gaban kalmar. Kalmar ita kaɗai ba yabo ba ce, ba kuma zagi ba, abokan zamanta a jimla ne ke ba ta launi. Dubi yadda suke cewa wani ya taso daga "obscurity" ya zama shugaba: a nan ba tausayi ake ji ba, jinjina ake yi masa, kuma mu "ya taso ba ɗan kowa ba" za mu ce. Aikin mai fassara shi ne ya bi sautin marubucin, ko da shi a ransa yana ganin ɓoyuwa alheri ce.

Malam Tijjani:
Haka ne, Hajiya, ba na cewa a sa wa marubuci abin da bai faɗa ba. Abin da nake gudu shi ne a koya wa yara cewa kalmar fuska ɗaya gare ta, ranar da suka buɗe fassarar Hikam su kasa gane dalilin da ya sa malami ke umartar almajirinsa da abin da aka ce musu abin tausayi ne.

Hauwa'u:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Mutumin da nake fassara tarihinsa ya yi suna a ƙuruciya daga baya aka manta da shi, don haka na ɗauki "an daina jin ɗuriyarsa". Saura jimla ta biyu. Na yi tunanin in ce rubutunsa yana da harshen damo. Ko ya dace?

Dakta Asabe:
Bai dace ba, ƙanwata, kuma gara da kika tambaya. Harshen damo shi ne maganar da ke ɗaukar fassara biyu, kowace a fili take, ba ka dai san wadda mai maganar ya nufa ba. Wannan a Ingilishi "ambiguous" ne. Akwai kuma "vague", maganar da ba ta da iyaka, mai ita bai tsayar da abin da yake nufi ba, ko ka tono ba za ka tarar da komai ba. "Obscure" kuwa yana ɗauke da zaton cewa akwai ma'ana guda a ciki, amma an binne ta, ko da baƙin kalmomi, ko da tsallake matakan hujja, ko da ishara ga abin da mai karatu bai sani ba. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne kurman baƙi, ko ki ce rubutunsa yana shige wa mutane duhu, ko kuma a sauƙaƙe yana da wuyar fahimta. Kin ga a nan Hausa ta yarda da duhu, a kan mutum ne kawai ta ƙi.

Ƙorafi a kan irin wannan rubutu tsoho ne ƙwarai. Girkawa sun yi wa masanin falsafa Heraklitus, mutumin Afisa da ya rayu a wajajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, laƙabi da "mai duhu" saboda gajerun maganganunsa masu wuyar warwarewa, kuma a littattafan Ingilishi har yau "the Obscure" ake kiransa. Mawaƙin Rumawa Horace kuma, a waƙarsa ta nasiha ga marubuta, ya ce yakan yi ƙoƙarin taƙaitawa sai ya wayi gari ya zama "obscurus". Wannan baiti ya kamata kowane mai rubuta labarai ya haddace shi, domin yawancin duhun da ke cikin rubutu ba daga zurfin ilimi yake zuwa ba, daga yanke abin da marubuci ya ɗauka kowa ya sani ne. Akwai kuma wani lafazin Latin da masana ke zargin juna da shi, "obscurum per obscurius", wato bayyana abu mai duhu da abin da ya fi shi duhu. Misalin da aka fi kawowa yana cikin ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, inda ya zo bayanin "network", abin da aka saƙa kamar raga, ya jero kalmomin Latin masu nauyi waɗanda duk wanda ya san su ba ya bukatar a gaya masa mene ne raga.

Injiniya Sadiƙ:
A fagenmu na tsaron kwamfuta kalmar tana cikin wani lafazi da kowane ɗalibi ke ji a shekararsa ta farko, "security through obscurity", kuma zargi ne. Ana nufin tsarin da duk kariyarsa ta dogara ga fatan cewa ɓarawo ba zai gano yadda aka gina shi ba. Kamar mai ajiye makullin ɗaki ƙarƙashin turmi ne, ranar da wani ya gan shi yana ɗagawa, tsaro ya ƙare. Tun a 1883 Auguste Kerckhoffs, a rubutunsa kan sirrin saƙonnin soja, ya kafa ƙa'idar cewa tsari ya zama ko ya faɗa hannun abokin gaba ba a shiga uku ba, muddin mabuɗin sirrin bai fita ba, don mabuɗi ana iya sauya shi cikin dare ɗaya, tsari kuwa ba a iyawa. Abin da nake so a lura shi ne, a wannan lafazi kalmar ba ta nufin sirri. Sirri an kulle shi ne, "obscure" kuwa a buɗe yake, ba a dai lura da shi ba tukuna.

Barista Zainab:
Wannan bambanci da Injiniya ya kawo shi ne ginshiƙin wata shari'a da muka karanta. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da 'yan jarida suka nemi hukumar binciken laifuka ta ƙasar, FBI, ta ba su kundin tarihin laifukan wani mutum. Hujjarsu ita ce, duk abin da ke cikin kundin an taɓa bayyana shi a kotuna da ofisoshin 'yan sanda daban-daban, don haka ba sirri ba ne. Kotun ta ƙi, kuma a hukuncin aka yi aiki da lafazin "practical obscurity". Ma'anarsa, bayanin da ke warwatse a ɗakunan ajiyar kotuna da yawa, wanda sai mutum ya yi tafiya ya buɗe fayil bayan fayil kafin ya haɗa shi, wahalar nemansa kanta kariya ce ga mai shi, kuma tattara shi wuri ɗaya a kwamfuta yana cire wannan kariya. Yanzu da intanet ta sa ana tono abin da mutum ya yi shekara ashirin da suka wuce cikin daƙiƙa, lauyoyi suna ƙara komawa ga wannan lafazi. Don haka ina tare da Malam Tijjani ta wata fuska, akwai inda kalmar take nufin abin da mutum zai je kotu ya nema wa kansa.

Mahamadu na Damagaram:
Tambaya ɗaya ta rage mini, Malam Ɗanladi. A jaridun Faransanci muna yawan ganin "obscurantisme", kuma kusan kullum da zafi ake jefa ta. Na ga Ingilishi ma yana da "obscurantism". Shin daga ma'anar duhu ta fito, ko daga ta rashin suna?

Malam Ɗanladi:
Daga duka biyun, Mahamadu, kuma labarinta a Jamus yake. A farkon ƙarni na 16 wani mai suna Johannes Pfefferkorn, da goyon bayan wasu malaman coci na birnin Kolon, ya nemi a ƙwace littattafan Yahudawa a hallaka su. Masanin Ibrananci Johannes Reuchlin ya ba da fatawar cewa kada a yi haka, sai aka taso masa. A 1514 ya buga wasiƙun goyon baya da manyan masana suka aiko masa, da sunan wasiƙun mutane "clarorum", wato shahararru, daga "clarus" ɗin nan da Dakta ta ambata. A 1515 kuma magoya bayansa suka fitar da wani littafi na shaguɓe, kashi na biyu ya biyo a 1517, suka kira shi wasiƙun mutane "obscurorum", wato waɗanda ba a sani ba. Wasiƙun ƙage ne, an rubuta su da gurɓataccen Latin da gangan, an sa su a bakin abokan gabar Reuchlin don a nuna jahilcinsu. Sunan ya ɗauki ma'ana biyu, marasa suna da kuma mutanen duhu, kuma da ta biyun Jamusawa suka fassara shi zuwa harshensu. A ƙarni na 18 masu rajin wayar da kai a Turai suka riƙa kiran abokan hamayyarsu da lafazin da ya fito daga wannan tushe, Ingilishi kuma ya karɓa daga baya.

Ma'anarta a yau ita ce hana mutane ilimi da gangan, ko lulluɓe magana da gangan don kada a gane ta. Gangancin nan shi ne ya raba ta da "obscurity", domin marubuci yana iya zama "obscure" ba da nufinsa ba, amma ba a kiran mutum "obscurantist" sai ana tuhumar niyyarsa. Saboda haka in kun gamu da ita a jarida, kada ku fassara ta da jahilci kawai, ku ce adawa da ilimi ko toshe wa jama'a hanyar sani, kuma ku jingina ta ga wanda ya faɗe ta, ku ce wane ya zargi wane da kaza, domin kalma ce ta faɗa tun ranar da aka ƙirƙire ta, kuma ban taɓa ganin wanda ya kira kansa da ita ba.